Kai Inna gidan tsofaffi: yasarwa ce ko kulawa?

Maman 'yan biyu: Salam 'yan uwa don Allah ina neman shawara. Innarmu ta haura 80, gigin tsufa ya kama ta sosai, likita ya ce cutar mantuwa ce. Ran Talata ina kasuwa ta zare sakata ta fice, sai bayan isha'i wani ɗan okada ya tsinto ta bakin layin dogo nan Agege ba ko takalmi, wai tana neman gidan babanta na Katsina, mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba. Maigidana ya ce mu nemi gidan kula da tsofaffi, Yayana kuma ya ce in na kai ta ba ni ba shi.

Kawu na Mile 12: Yayanki ya fi ki gaskiya 'yata. Uwar da ta goya ki ki miƙa wa bare? Suratul Isra'i ta ce ko "uf" kar a ce musu. Wannan yasarwa ce kawai, ba al'adarmu ba ce.

Anti nas: Kawu ka yi haƙuri, ni na ga abin da ake kira kulawa a gida. Ɗaki ɗaya a gidan haya, kowa ya tafi nema tun asuba, a datse tsohuwa da kwaɗo har magariba ga risho ga ashana a gefe, sai an kawo mana ita da gyambon kwanciya har ƙashi ya fito saboda ba mai juya ta, alhali mara tashi ana so a riƙa juya shi kusan duk awa 2. Kuma wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba iskokai ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in ciwon mantuwa da ake kira Alzheimer ne.

Kawu na Mile 12: To a mayar da ita Katsina mana, dangi sun ƙare ne?

Maman 'yan biyu: Kawu waɗanda suka rage can su ma tsofaffi ne wlh. Kuma abin da ke hana ni barci, in ta sake fita a garin nan tana sambatu ba mai jin yarenta, kun san yadda ake taruwa kan tsohuwa a ce mayya ce.

Ɗan Idi-Araba: Ni ina tsakiya amma na fi karkata wajen Kawu, dalilina daban. Mun taɓa kai kakata wani gida mai zaman kansa, ba zan faɗi suna ba, kuɗi muka zuba ba kaɗan ba. Sati 3 na je ba sanarwa na tarar da ita kan kujera an ɗaure ta da zani a ƙugu wai kar ta faɗi, yawu na zuba, ido a lumshe an ɗura mata maganin barci. Da dare ma'aikaciya ɗaya ce ga gidan kaf. Abin da ya fi ci min rai, kakata ta yi shekaru tana ciniki da Yarbanci amma ciwon ya share shi, Hausa kaɗai ta rage mata, tana ta cewa "ruwa, ruwa" su kuma sun ɗauka surutun ciwo ne.

Anti nas: Innalillahi. Wannan cin amana ne ƙanina, kuma maganin barci ba bisa ƙa'ida ba shi ke ƙara jawo faɗuwa da karaya. Amma ba duk aka taru aka zama ɗaya ba. Maman 'yan biyu in za ki duba gida ki je da la'asar sakaliya, lokacin ne suka fi rikicewa. Ki shinshina ɗakin, ki leƙa banɗaki ko akwai abin dafawa, ki tambaya mutum nawa ke kwana da su, wane likita ke rubuta magani, suna da rajista da gwamnatin jiha, waye mai jin Hausa, abinci na halal ne, wa zai taya ta alwala. In aka ce sai ranar ziyara kaɗai za ki gan ta ki juya abinki.

Kawu na Mile 12: Har yanzu ban gamsu ba. Kuɗin nan a ɗauko mace daga gida ta zauna da ita, Yayan ya kawo rabi tunda shi ke hanawa.

Anti nas: Wannan na yarda Kawu, amma mutum ɗaya ba ya iya dare da rana, sai an yi karɓa-karɓa. Ki fara mayar da ita wajen likita, LUTH, wato asibitin koyarwa na jami'ar Legas, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wani lokacin ciwon fitsari ne ke ƙara rikita su.

Maman 'yan biyu: Na gode. Yau zan ɗinka mata lambar wayata jikin hijabi, gobe in kira Yaya a kan maganar rabin kuɗin.