Taura biyu ba ta taunuwa: ta dace da Jamus a 1914?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa gardama ta kaure tsakanin ƙanena da wani malamin tarihi kan shirin Schlieffen, wanda Jamus ta shiga yaƙin 1914 da shi: ta ratsa Beljiyam, ta gama da Faransa cikin mako shida, sannan ta juya kan Rasha. Malamin ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Ƙanena ya ce nan ba wurinta ba ne. Ku raba mu.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Ƙanenka na da gaskiya, ɗana. Ai don gudun haɗa biyun aka yi shirin. Ɗan hakin da ka raina ne kawai. Beljiyam ta turje a birnin Liège, ta lalata hanyoyin jirgin ƙasa, taɓa ta kuma ya jawo Ingila ciki ranar 4 ga Agusta.

Ɗan Damagaram: Allah ya ja da ran Baba, malamin ma bai ɓata ba. Rasha ta kimtsa da wuri, Moltke, babban hafsan sojan Jamus, ya zare manyan runduna biyu ya tura gabas, kafin su isa an gama gwabzawa da Rasha a Tannenberg.

Maman Khalil: Ni kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Wanta ya yi dako a yaƙin Kamaru, wajen Garwa. Takan ce da ya dawo, tsakar kansa ba gashi saboda gammo, tafin ƙafarsa duk faso, ita ke shafa masa man shanu da dare yana cije baki. Ya ce mata soja ba ya wuce abincinsa, in dako ya tsaya bindiga ta tsaya. To su Jamus a ƙafa suka taho cikin zafin Agusta, dawakai na faɗuwa da yunwa, shi kuwa Joffre, babban kwamandan Faransa, a jirgin ƙasa yake kwaso nasa. Yaya za su kai labari a kogin Marne, inda aka taka musu birki?

Baba Alhaji: Amin. Sauri ya haifi nawa ke nan, 'yata.

Na Kurmi: Ku zo ku ga namu. Kujera a hannu, suna neman wata, ga ɗa ana yi wa kamfe. Taura uku, haƙori lafiya lau!

Ɗan Damagaram: Ai da haƙorin talaka suke taunawa.

Abban Sadiya: To me zan gaya wa ƙanen nawa?

Na Kurmi: Dakata tukuna. Maman Khalil, an biya shi ladan dakon kuwa?