Wace kalma za mu ba "call completion"?

Jama'a, ga wata kalma da nake son mu tsayar: "call completion". Kada wanda ya kawo mini "kammala kira". Bahaushe na jin haka zai ɗauka an gama magana an kashe waya, alhali a nan ko sallama ba a yi ba.

Ga yadda abin yake. Ka kira mutum ka tarar yana kan waya. Maimakon ka yi ta bugawa, sai wayarka ta bar sallahu wurin na'urar da ke lura da layinsa, cewa in ya sauka a gaya mata. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta tsara wannan a takardarta mai lamba RFC 6910 a 2013, don wayoyin intanet masu aiki da SIP, wato ƙa'idar haɗa kira ta intanet. Wayarka ta tura saƙon SUBSCRIBE, wato sallahun nan, na'urar ta riƙa maido NOTIFY, wato sanarwa, kuma matsayi biyu kawai take faɗi: "queued" ko "ready". Ba ta sakin masu jira gaba ɗaya, ɗaya take zaɓa ta ba shi ɗan wa'adi ya sake kira. In kai ma ka hau wani kiran, ana iya jingine buƙatarka a tsallake ka, ba tare da an soke ta ba.

Matsalar tana wurin "layi", in da shi za mu fassara "queued". Shi ne na waya, shi ne kuma wanda ake bi a gidan mai. Ka ce "kana layin layinsa", wa zai gane? Wani malami ya ba ni "jerin gwano". Allah ya gafarta Malam, gwano tafiya suke yi, waɗannan kuwa a tsaye suke. Ni "sahu" na zaɓa.

SUBSCRIBE kuma ba sayen data ba ne, kada matasa su ja mu can. Ya fi kama da ajiye jarka a bakin famfo ka tafi harkarka, ka ce a kira ka in an zo kanka. Shi ya sa nake ganin tsarin gaba ɗaya a ce masa "kamun sahu", "queued" ya zama "kana sahu", "ready" kuma "an zo kanka".

Inda nake neman taimako shi ne wanda bai ɗaga ba da wanda wayarsa ba ta kan hanya, don tsarin ya haɗa da su. Kamun sahu ya ɗauke su, ko sai an raba musu suna? Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ma "sahu" ya zauna muku a baki?