Kai iyali Disney World: shawarwarin iyaye

Iyayen da suka taɓa kai yara Disney World, babban wurin wasa da shaƙatawa da ke Orlando a Amurka, bakinsu ya zo ɗaya: kada a ce sai an zaga manyan wuraren wasa huɗu da ke cikinsa cikin kwana biyu, kowanne yini guda yake ci. A isa ƙofa kafin a buɗe, layi bai yi tsawo ba. Da azahar a koma masauki, musamman Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke gasa mutum, la'asar kuma hadari ya taso. A auna tsayin yaro tun daga gida, don wasu wasannin suna da ƙa'ida, kuma kuka a bakin layi ba daɗi. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Batun kwana a otal ɗin Disney ne ya raba kawuna, saboda tsada.