Idan kamfani ya sayar da lasisinsa, wa ke gadon ramin?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni gishirin da na sani shi ne kantu da beza na Bilma, su muke sayarwa a Kasuwar Dole tare da kanwar Manga. Ƙanena mai karatun ma'adinai ya ce a Amurka da Turai akwai inda ba a shiga rami sam. Rijiyar burtsatse ake ginawa har ta tarar da gishiri, a tura ruwa ya narkar da shi, a zuƙo ruwan gishirin a ƙafar da shi. To wurin da gishirin ya bari fa? Wa ke leƙa shi? In kuma kamfanin ya sayar wa wani da lasisin, ƙasa ta rufta daga baya, wa za a kama?

Tsohon Ma'aikacin Arlit:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kogo ne yake zama, cike da ruwan gishiri, kuma nauyin ruwan na taimakawa wajen tallafe shi. Lita 1 ta ruwa tana cinye gishiri wajen giram 360, ka ga in an yi shekaru ana turawa kogon ba ƙarami ba ne. Ana zura na'urar sona ta bakin rijiyar, ta aika sauti, amsa-kuwwar ta nuna faɗinsa da tsayinsa. Ana zuba gazuwal ko iskar naitirojin ta taso a saman ruwan don kada rufin ya narke. A waje kuma akwai na'urorin jin motsin ƙasa, har tauraron ɗan Adam na auna lotsawarta. Duk da haka a Agustan 2012 kogon kamfanin Texas Brine ya rufta a Bayou Corne ta jihar Luwiziyana a Amurka, domin an kai shi dab da gefen gishirin. Mutum wajen 350 aka ce su tashi daga gidajensu.

Hajiya 'Yar Birni:
Malam, tambayarsa ta biyu ce ta fi damuna. A Carlsbad ta jihar Niyu Meziko an rufe irin wannan rijiya a 2008, kamfanin ya karye a 2010, kogon kuwa yana dab da babbar hanya da magudanar ruwan noma. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kuɗin jama'a ne suka cike shi da yashi, gomman miliyoyin daloli. Ni da ni ce mai sa hannu, ba a sauya sunan mai lasisi sai an sake auna kogon, an miƙa duk tsofaffin takardun awo, mai saye kuma ya ajiye kuɗin jingina da za su isa rufe rijiyar.

Ɗan Zango:
Hajiya, ai mai saye zai ce ɓarnar ta riga shi.

Tsohon Ma'aikacin Arlit:
Lalle zai faɗa, shi ya sa awon ranar ciniki yake da amfani, shi ne shaida. A nan Nijar ma lasisin ma'adinai ba ya sauya hannu sai da amincewar hukuma, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ba na mai gona ba. Ka tambayi ƙanen naka ko an koya musu yadda ake lissafin kuɗin jinginar nan, don kogon gishiri yana ci gaba da matsewa shekaru bayan an daina aiki.