Muhawara: Kiɗa ne a cikin "Tsibirin Matattu", ko shiru?

Habu: Ni dai ra'ayina, Rachmaninoff, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, bai yi wa "Tsibirin Matattu", zanen Arnold Böcklin ɗan Switzerland, adalci ba a kiɗan da ya rubuta a kansa. Zanen shiru ne zalla. Ruwan a kwance yake, dogayen bishiyoyin nan masu duhu irin na maƙabartun Italiya sun tsaya cak a tsakiya, duwatsu sun rufe su hagu da dama. Ido ba ya yawo, kai tsaye yake sauka kan mai farin mayafin da ke tsaye gaban akwatin gawa, domin shi ne mafi haske kusa da mafi duhu. Ina kiɗa a nan?

Malama Binta: Malam Habu, ka tsallake kwalekwalen da ke ɗauke da mai farin mayafin da akwatin gawar. Shi kaɗai ke motsi, kuma daga shi kiɗan Rachmaninoff na 1909 ya fara. Bugunsa biyar-biyar ne, ba huɗu ba: wani lokaci biyu da uku, wani lokaci uku da biyu. Haka tuƙi yake, jan filafili a ruwa da ɗaga shi ba tsawonsu ɗaya ba. Ka ƙirga da yatsa a minti biyun farko, za ka ji. Daga baya ya shigo da Dies irae, tsohuwar waƙar jana'izar cocin Katolika.

Malam Sani: Ku fara faɗin wane zane kuke nufi, biyar Böcklin ya yi tsakanin 1880 da 1886. Na Basel da na New York duhun magariba ne, na 1883 da ke Berlin ya fi su haske nesa ba kusa ba. Na huɗu ya salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, na biyar yana Leipzig. Kuma kwafin baƙi da fari Rachmaninoff ya gani a Paris a 1907. Shi da kansa ya ce da mai launin ya fara gani, da wuya ya rubuta kiɗan.

Habu: To ka gani, Malam! Kwafi ya fassara. Sunan ma dillalin zane Fritz Gurlitt ne ya raɗa a 1883.

Malama Binta: Suna daban, makoki daban. Marie Berna, wadda mijinta ya rasu a 1865, ita aka yi wa na New York, kuma a dalilinta aka sa akwatin gawar da mai farin mayafin. A 1880, shekarar da aka yi zanen, ta sake aure, saboda haka ban kwana nake gani a ciki. Böcklin kuwa ya binne 'ya'ya takwas cikin 14. Cire launi bai taɓa tsarin zanen ba, haske da duhun suna nan yadda suke.

Malam Sani: A nan ina bayan Malama. Sai dai Malam Habu na da gaskiya a tsakiyar kiɗan, inda goge da ƙahonni ke tashi da ƙarfi. Wannan ƙunar zuciyar daga Rachmaninoff ta fito, babu alamarta a kan allon.