Fadar De Haar ta ƙasar Holan: gyara aka yi ko dai sabon gini ne?

Ummu_Hanifa:
Slm jama'a, dan Allah masu sanin tarihi ku taimaka min. Jiya na ga hotunan wata fada a Holan wai ita De Haar, kusa da birnin Utrecht, an ce tun zamanin da take amma wlh ginin tas yake kamar jiya aka gama shi, ga hasumiyoyi ga ruwa ya zagaye ta. Sai kuma na ga wani tsohon hoto nata tana kango babu ko rufi. To shin wannan ita ce ta asalin ko rushewa aka yi aka sake? Abun ya tsaya min a rai.

Malam_Tarihi:
Wslm Ummu Hanifa. Duka biyun ne gsky. An fara ambatar gidan a rubuce a 1391 a hannun zuri'ar De Haar, a 1440 ya koma hannun dangin Van Zuylen, a 1482 aka ƙona shi a wani yaƙi sannan aka sake ginawa. Matsalar ta faro ne a 1641 da mai gidan ya rasu bai bar ɗa ba, kin san gida in ba mai kwana a ciki ruwan sama kaɗai ya ishe shi, haka ya yi ta zubewa sama da shekara 200.

Sai wani magaji, Baron Etienne van Zuylen, ya auri Hélène 'yar gidan Rothschild masu bankuna a 1887, kuma da dukiyar gidansu aka yi aikin. Suka ɗauko mai zanen gine-gine Pierre Cuypers, wanda ya zana gidan tarihi na Rijksmuseum da babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam, aka fara a 1892 ba a gama ba sai wajen 1912. A kan tsohon harsashi da ragowar bangon ya ɗora, amma ciki kam son ransu suka yi, ɗaki kusan 200, banɗaki 30, wutar lantarki da janareto nasu, har da na'urar ɗumama ɗaki.

Injiniya_Sadiq:
Malam ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni fa ban yarda a kira wannan gyara ba. Gyara shi ne ka tallafi abin da ka tarar, ka cike tsaga, ka hana shi faɗuwa. Wannan kuwa mutum ne ya gina abin da yake ganin ya kamata a ce haka zamanin da yake. Kuma abin da ya fi ci min rai ƙauyen Haarzuilens da ke jikin fadar, gari guda da mutanensa aka tashe su a 1898 aka mai da su gaba saboda kawai ana son filin lambu, sannan aka tono manyan bishiyoyi wajen 7,000 daga wasu wurare aka kawo aka dasa don kar baron ya jira su girma. Ummu Hanifa, in kina son ganin na gaskiya ki nemi hoton kangon fadar Brederode kusa da Haarlem, sojojin Sifaniya suka ƙona shi a 1573 kuma har yau a kangonsa ake kula da shi.

Malam_Tarihi:
Injiniya maganarka tana kan hanya, batun ƙauyen nan ni ma yana damuna. Sai dai ka tuna da ba su sa hannu ba ƙila yau ko tsibin ƙasa ba za a samu ba. Kuma aikin Cuypers ɗin shi kansa ya zama tarihi yanzu, ya haura shekara 100, har ginin ya fara nutsewa yana tsagewa saboda nauyi, dole daga 2001 aka shafe kusan shekara goma ana gyare-gyare har da ƙarfafa harsashin. Tun 2000 wata gidauniya ke riƙe da fadar, dangin kuma suna da damar zuwa su zauna a watan Satumba.

Ummu_Hanifa:
Na gode sosai Malam, Injiniya kai ma Allah ya saka. Yanzu na koma kan hotunan ina ta zuƙo bangon ƙasa-ƙasa ko zan gane inda tsohon bulo ya tsaya sabo ya fara. Su mutanen ƙauyen fa, an gina musu wasu gidajen ko haka aka bar su?

Malam_Tarihi:
An gina musu sabon ƙauye ba nisa da wajen, yana nan har yau da sunansa, tagogin gidajen da fenti ja da fari irin launin tambarin dangin baron.