Tambayoyin Bakin Famfo: Musayar Waƙa Kan Littafi Mai Tsarki

'Yar Ƙofar Guga:
Salama gare ku, iyayena da yayyena. Jiya da hantsi muna layin jarkoki, maƙwabciyata Musulma da muka tashi tare, wadda Sallah ba ta taɓa wucewa ba ta aiko mana da nama ba, ta yi mini tambaya uku. Ba da faɗa ta yi ba, so take ta sani. Na yi shiru har jarkata ta tumbatsa. Abin ya kwana a raina, shi ya sa na zuba shi a waƙa.

Ƙawata ta tare ni a bakin famfo,
Ta ce, "Zo nan ki faɗa mini gaskiya.

Linjilar da kike rungumewa ran Lahadi,
An ce hannu ya sauya ta gaba ɗaya.

In kun ce Allah ba shi da na biyu,
Uba da Ɗa da Ruhu, yaya za a ƙidaya?

Kuma Bature ne ya kawo shi a jirgi,
Ina ruwan Bahaushiya da kayan Birtaniya?"

Na buɗe baki, magana ta maƙale,
Ruwa na zuba, ni ko na cika da kunya.

Malamin Lahadi:
Ƙanwata, na ɗauki ta farko, kuma zan bi amsa-amonki.

Share ido ƙanwata, ki gyara zama,
Tambayar nan tsohuwa ce, tana da hanya.

Littattafai 66 ke cikin bangon nan,
39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo suka biyo baya.

Annabawa da Ibrananci suka zana,
Manzanni da Helenancin Girka, yaren fataken duniya.

A 1947 wani saurayi makiyayi,
A duwatsun Kumran, can ƙasar Yahudiya,

Ya leƙa kogo ya tarar da tuluna,
Ashe mutanen dā ne suka bar ajiya.

Fatu a naɗe, sun sha ƙura sun bushe,
Guda a cikinsu littafin Annabi Ishaya.

Ya ba kwafin da aka sani shekara wajen 1,000,
Tun kafin haihuwar Yesu aka rubuta shi lafiya.

Masana suka jera su kafaɗa da kafaɗa,
Suka bi su sura-sura, aya bayan aya.

Harafi ya bambanta nan, kalma ta bambanta can,
Amma sura 53 na nan da Bawa mai shan wuya.

Kada ki ce mata babu bambanci ko ɗaya tsakanin tsofaffin kwafi, ƙarya za ki yi. Da hannu ake kwafa kafin zuwan injin ɗab'i, marubuci kuwa yana gyangyaɗi kamar kowa. Ƙarshen Markus 16, daga aya 9 zuwa 20, babu shi a wasu kwafi mafiya tsufa, kuma bugu da yawa na yanzu sun rubuta hakan a ƙasan shafi don kowa ya gani. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne, kwafin Helenanci na Sabon Alkawari sun haura 5,000. In ɗaya ya zame, sauran su kama shi.

Ɗan Kusugu:
Ni Musulmi ne daga Daura, na daɗe ina sauraronku a zauren nan. Malam, a yi mini uzuri, ina da saura.

Malam na ji batun fatu da tuluna,
Amma akwai ƙayar da ta tsaya min a wuya.

Mu Linjila guda muka sani ta Annabi Isa,
Ku kun ce Matiyu, Markus, Luka, Yahaya.

Abokina ɗan Katolika ya ce 73 ne,
Kai ka ce 66, to wa ke kan gaskiya?

Ɗan Katikis na Malumfashi:
Yayana na Daura, sannu da zuwa. Tunda ka ambace mu, bari in tashi.

Ka shigo birnin Dikko ta Ƙofar Ƙaura,
Wani ta Marusa ya ɗauro nasa kaya,

Wani ta Durɓi, na huɗu ta Sauri,
Duk a Ƙofar Soro za su tsaya.

Haka shaidu huɗu suka ba da labari,
Bisharar guda ce, Almasihun ma ɗaya.

Batun 7 ɗin nan da muka ɗara su,
A Tsohon Alkawari suke, can baya.

Tobit da Yudit da Makabiyawa da sauransu,
Sabon kuwa 27 ne, ba jayayya.

Waɗannan 7 ta tsohuwar fassarar Helenanci ta littattafan Yahudawa suka zo mana. Mu muka riƙe su, 'yan'uwanmu Furotesta kuma tun ƙarni na 16 suka koma ga jerin Ibrananci. Sai abu ɗaya da ya kamata a faɗa a fili, yayana: a wurinmu Linjila ba littafi ne da aka saukar wa Yesu ba. Labari ne mai daɗi game da shi, abin da kalmar ke nufi ke nan a Helenanci. Nan fahimtarmu da taku ta rabu.

Baba Mai Bishara:
Ɗiyata, ta biyun tawa ce. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki kawo mata misalin duwatsun murhu. Na yi shi ina saurayi a wani ƙauyen Kafur, ana dafa mana ɗumame. Wani dattijo ya sa sandarsa ya ture dutse guda, tukunya ta karkace, ya ce, "To yaro, Allahnka ya rage biyu?" Tun ran nan na bari.

Ɗiyata fara da inda Yesu ya fara,
Markus 12:29, je ki duba aya.

Ya ce Ubangiji Allahnmu guda ne,
Abin da Musa ya faɗa wa Isra'ila tun baya.

Wanda ya ce alloli uku muke wa sujada,
Bai ji mu da kyau ba, ko an gaya mishi ƙarya.

Ɗa da muke faɗa ba na aure ba ne,
Allah ya fi ƙarfin ya nemi amarya.

Kalmarsa ce da ke tare da shi tun fil'azal,
Ta zama mutum, ta zauna da mu a duniya.

A Kogin Urdun ranar baftisma,
Ɗan na bakin ruwa, daga sama aka ji murya.

Yahaya Maibaftisma na tsaye shina kallo,
Ruhu ya sauko a kansa kamar kurciya.

Da gardama ta tashi kan wannan batu,
A 325 dattawa suka taru a Nikiya.

Ba sabon abu suka ƙago a can ba,
Sun rubuta abin da ake riƙe da shi a ikkilisiya.

In ta ce ki kwance mata shi sarai,
Ki ce teku ba ya shiga cikin ƙwarya.

Ɗan Kusugu:
Baba na rusuna, ka yi bayani,
Batun amarya ka cire mini shi a zuciya.

Amma Ƙulhuwallahu nake kai har gobe,
Bai haifa ba, ba a haife shi ba, nan na tsaya.

Baba Mai Bishara:
Na sani, ɗana. Ka gaida mini mutanen Daura.

Inna 'Yar Zumunta:
Maza kun gama? Ta ukun ku bar mini, don ni ta taɓa. Kakannina Maguzawa ne, Hausa muka sha a nono, ba wanda ya ara mana ita.

'Yata wa ya ce miki kayan Bature ne?
Yaushe Yesu ya taka ƙasar Birtaniya?

Yana jariri Masar aka gudu da shi,
Afirka ce ta ba shi wurin ɓuya.

Saminu Bakurane ya ɗau gicciyensa,
Garinsu na cikin ƙasar da ake kira Libiya.

Ma'ajin Habasha na bisa karusarsa,
Filibus ya same shi yana karatun Ishaya.

Suka iske ruwa, ya ce me zai hana ni?
Aka yi masa baftisma nan bakin hanya.

Ban musa ba, Turawan mishan sun zo,
Likita Mila ya zauna Wusasa ta Zariya.

A 1932 Littafin ya fito da Hausa,
Uwata ta koyi baƙi da shi tana ɓarar gujiya.

Mai kai wasiƙa ba shi ne mai ita ba,
Ya miƙa mana, ya ɗau jakarsa ya juya.

Littafin nata yana wurina har yau. Bangon ya mutu, na ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. In na buɗe Zabura 23 ina ganin tabon man gyaɗa inda yatsarta ke bi.

Ɗan Katikis na Malumfashi:
Inna, ki ƙara da wannan: a 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, bishop ɗinsa na farko kuma Bahaushe ne, Gerald Mamman Musa.

'Yar Ƙofar Guga:
Na gode, iyayena. Yau da safe mun sake haɗuwa. Na ba ta labarin tuluna da na ƙofofi da bakina, na Baba kuwa daga waya na karanta mata don kada in ɓata shi. Ta saurara har ƙarshe. Na Inna ya ba ta mamaki, a kan na Baba kuwa ta ce tana bayan Ɗan Kusugu. Ta taya ni ɗora jarka a ka, sai ta ɗauko sabuwa:

Ta ce, "Allah mai gafara ne, mun haɗu a nan,
Kalma guda ta isa ya yafe wa duniya.

To me ya kai Almasihu kan gicciye?"
Baba, Malam, Inna, ga sabuwar tambaya.

Jibi ake sako ruwa a unguwarmu, kafin nan nake son amsar.